Kwalta "irin ta filin jirgi": aikin da wani kamfani ya yi mana a Ɗan Magaji

Masu zuba kwalta a harabar gidajen mai, makarantu da sito-sito sun yawaita a Zariya, kuma kusan kowannensu da kirarin da yake yi wa aikinsa. Wanda ya yi wa yayana aiki a harabar sitonsa da ke Ɗan Magaji, nasa kirarin shi ne kwaltarsa irin ta filin jirgin sama ce. Da wannan magana ya ci kwangilar, duk da kuɗinsa ya ɗara na sauran da suka kawo farashi. Ni Yaya ya ɗora a kan aikin, saboda kafin in ajiye aiki a ɗakin gwajin kayan gini na wani kamfanin hanya na ci abinci, kuma a can na taɓa shiga aikin sabunta titin saukar jiragen sama. Yanzu bazara da damina sun bi ta kan kwaltar, tireloli sun yi ta shige da fice da masara da takin zamani, don haka ana iya magana a kanta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tunda akwai yabo akwai kuma suka, kuma har yanzu da sauran lissafi tsakaninmu.

Hukuncina a taƙaice: aikin ya yi kyau a matsayinsa na kwaltar haraba, ya fi yawancin waɗanda nake gani a gari. Amma ba na filin jirgi ba ne, bai ma kama hanya ba, kuma ƙarin kuɗin da aka karɓa da sunan hakan bai halatta ba.

Abin da ya raba kwaltar titin jirgi da ta hanya ba ya ganuwa da ido. Dutse ne da ƙurar dutse da ruwan kwalta, wato bitumin, a nan da can. Bambancin yana cikin awo, da gwaji, da takardar da ke nuna an yi gwajin, da kuma wanda zai ɗauki asara idan sakamakon bai kai ba. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, tana da kundi mai lamba 14 da ya tsara yadda filin jirgi zai kasance. Wajen haɗin kwalta kuwa, injiniyoyi da yawa a duniya suna jingina da ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, wadda ake kira P-401. Ranar da manajan kamfanin ya zo da takardun farashi na tambaye shi wace ƙa'ida zai bi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai duk mun san waɗannan, kada ka damu." Na ce to a rubuta a takarda. Abin da ya rubuta shi ne shimfiɗar ƙasa milimita 60, ta sama milimita 40. Wannan awon hanyar mota ne da kowa ya sani, kuma ba laifi ba ne, shi harabar sito take buƙata. Sai dai tun daga nan maganar filin jirgi ta zama ta baki kawai.

Ko filin jirgin ma ba iri ɗaya ba ne. Mu a Zariya mun saba da ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan, wadda aka kafa tun 1964, suna shawagi ta kan Samaru da Hanwa. Ƙananan cikinsu ba su kai nauyin motar Hilux ba. Babban jirgin fasinja kuwa, taya ɗaya tak tana iya ɗaukar sama da tan 25, kuma iskar da ke cikinta ta haura 200 a ma'aunin masu faci, alhali ta tirela tana tsakanin 100 da 120. Shi ya sa ƙa'idar P-401 ta raba: inda jiragen da ke sauka ba su wuce kimanin tan 27 ba an yarda a sassauta gwajin, inda suka wuce ba sassauci.

Gwajin da nake nufi shi ne na Marshall, wanda na yi shekaru ina yi da hannuna. Wani injiniya ne a ma'aikatar hanyoyi ta jihar Misisifi, Bruce Marshall, ya ƙirƙiro shi, sannan injiniyoyin sojan Amurka suka ɗauka suka inganta shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daidai lokacin da jiragen yaƙi suka fara yi wa filayensu nauyi. Ana ɗibar haɗin kwalta da zafinsa a zuba a ƙaramin mazubi na ƙarfe, a daka shi da guduma mai nauyin kilo 4.5 da ke faɗowa daga tsayin milimita 457. Bugu 50 kowace fuska ga aiki mara nauyi, 75 ga mai nauyi. Idan ya huce sai a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 60, a sa shi a inji a matse har ya sare, a rubuta nauyin da ya jure da yadda ya lotsa. Digiri 60 ɗin ba da ka aka zaɓe shi ba, kusan zafin da fuskar kwalta take kaiwa ke nan da tsakar rana a wuri mai zafi, kuma duk wanda ya taka titin PZ da silifa a watan Afrilu ya san ba ƙarya ba ne. Ana kuma auna 'yan kafofin iskar da suka rage a cikin haɗin. Ƙa'idar P-401 tana neman kashi 3.5 cikin ɗari. Idan suka gaza sosai, rana na buɗewa bitumin zai taso sama, taya ta riƙa yin kwari. Idan suka yi yawa, ruwa ya sami hanya.

Na nemi takardar wannan gwaji ta haɗin da za a kawo mana. An kawo mini wata, amma kwanan watan da ke kanta na wani aiki ne da aka yi tun bara waccan, dutsen ma ba daga mahaƙar da suke saye yanzu ba ne. A aikin filin jirgi, da zarar an sauya inda ake ɗibar dutse ko bitumin, sabon gwaji ake yi daga farko. Na karɓa na ajiye, don dai in nuna wa Yaya.

Inda suka burge ni shi ne aikin ƙasa, kuma a nan yawancin masu wannan sana'a suke cin amanar mutane, tunda abin da aka binne ba mai gani. Harabar tana da wani gefe da ruwa ke kwanciya, ƙasar wurin baƙa ce mai laka. Fomansu, wani dattijo mara yawan magana, ya sa aka kwashe ta gaba ɗaya har aka tarar da ƙasa mai ƙarfi, aka ciko da marmara kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana bi da rola, ba a jibge ta lokaci guda ba. Da wata tifa ta kawo marmara mai haɗe da yumɓu, da kansa ya mayar da ita tun kafin in buɗe baki. Dakakken dutsen da suka shimfiɗa a kai mai tsabta ne, an kuma danne shi har tifa cike ta bi ta kai ban ga ya motsa ba. Gangaren ruwa ma sun fitar da shi daidai. A titin manyan jirage ICAO tana son gangare daga tsakiya zuwa gefe ya tsaya tsakanin kashi 1 da 1.5 cikin ɗari, don ruwa ya sauka ba tare da jirgi ya karkata ba. Mu da ba jirgi za mu saukar ba na nemi kashi 2 zuwa bakin lambatu, suka ba ni. Duk ruwan watan Agusta bai kwana a harabar ba, in ban da wuri ɗaya da zan zo kansa.

Sun fesa man share fage a kan dutsen, wanda ma'aikata ke kira MC1, suka bar shi ya shiga ya bushe kafin su ci gaba, ba su yi gaggawa ba. Tsakanin shimfiɗa ta farko da ta biyu ma sun share ƙura sun fesa na liƙi. Ba ni da ƙorafi a nan.

Matsala ta fara ne ranar zuba ta sama. Haɗin kwalta yana barin injin dafawa da zafin digiri 150 zuwa 160, kuma dole a gama danne shi kafin ya sauko ƙasa da wajen 80 ko 90. Kamar tuwon dawa take, da zafinta ake mulmula ta, in ta huce sai dai a ci haka nan. Injin da suke saye daga wurinsa yana can ta hanyar Kaduna, ga shi lokacin da sauran iskar hunturu da safe. Tifofin farko sun zo a rufe da tamfol, suna tururi. Na tsakiyar rana biyu suka zo a buɗe, ɗaya ma ta tsaya faci a hanya. Na tambayi foman ina ma'aunin zafinsu. Ya ce yana ofis. Na ciro nawa, tsohon da na baro aiki da shi, na soka a cikin lodin: saman ya yi ɓawo, zafin ya sauka ƙwarai. Na ce, "Malam, wannan ba za ta dannu ba." Ya dube ni ya ce, "Injiniya, na sani. Amma in na mayar da ita, daga albashina za a cire." Aka kira manaja a waya, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka mayar da wadda ta fi hucewa, aka zuba ɗayar a kusurwar gabas. A filin jirgi wannan muhawara ba ta ma tasowa. Akwai mai aikin da ba ya komai sai auna zafin kowace mota da rubutawa, kuma wadda ta gaza ba ta sauke kaya.

Injin shimfiɗarsu tsoho ne amma lafiyayye, mai tuƙa shi kuma gwani ne. Rola biyu suka kawo, mai ƙarfe da mai tayoyin roba, wanda ba kowane ƙaramin kamfani ke kawo ta biyun ba, alhali ita ce ke murza fuskar kwalta ta toshe ƙananan kafofi. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 3 a wurare da dama. ICAO tana son sabuwar fuskar titin jirgi kada ta bar rata fiye da milimita 3 a ƙarƙashin irin wannan ƙarfe, ta kowace fuska aka ɗora shi. Tsakiyar harabar ta kusa cika wannan sharaɗi, abin da ban zata ba. Bakin ƙofa da jikin lambatu, inda aka yi da shebur da manjagara, sun fi haka nesa, amma tirela ba ta damu ba.

Sai mahaɗa, wato layin da shimfiɗa ɗaya ta haɗu da ta kusa da ita. Duk wanda ya yi aikin titin jirgi ya san daga nan lalacewa take farawa, shi ya sa ƙa'idar FAA ta ware wa mahaɗa gwajinta daban da na tsakiyar shimfiɗa. Idan gefen farko ya riga ya huce, yanke bakinsa ake yi a zubar, a shafa masa man liƙi, sannan a kawo sabon ya manne da shi. Su ba su yanke ba. A mafi yawan harabar abin bai yi illa ba, domin layi na biyu ya biyo na farko da wuri. A kusurwar gabas kuwa, inda lodin nan mai sanyi ya sauka kuma aka tashi aiki aka dawo washegari, mahaɗar ta buɗe tun ruwan farko-farko. Yanzu in ka shafa ƙafa a wurin tsakuwa ce ke tashi. A harabar sito wannan abin tsintsiya ne. A titin jirgi kuwa tsakuwa guda da injin jirgi zai zuƙa tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin kwaltar duka, ban da rayukan da ke ciki, kuma saboda haka ne ake bin titin da mota ana dubawa kullum.

Bayan an gama na ce a huda a ciro gunduwa a auna kauri da yadda ta dannu. Manajan ya nuna ɓacin rai, wai za a ɓata masa aiki da ramuka. Na gaya masa a aikin da yake kirari da shi, kowace rana ana raba abin da aka zuba kashi-kashi, a zaɓi wuraren hudawa ta hanyar ƙuri'a don kada ɗan kwangila ya nuna inda ya fi kyau, kuma da sakamakon ake biyansa: in dannuwar ta gaza kaɗan a rage masa kuɗi, in ta gaza da yawa ya kankare ya sake da kuɗinsa. Kafin ma a fara aikin gadan-gadan sai ya zuba wani ɗan yanki na gwaji an amince da shi. Bai yarda ya biya ba, Yaya ne ya biya wani ɗakin gwaji suka zo da injinsu. A tsakiya kaurin ya cika, har da ɗan ƙari. A kusurwar gabas shimfiɗar sama ta gaza milimita 40 da aka rubuta, dannuwarta kuma ita ce mafi rauni. Da na kai masa takardar bai musa ba, na ba shi wannan.

Akwai abin da na fi jin haushinsa fiye da mahaɗar, domin shi shawara ce ba ta buƙatar inji. Bitumin daga ɗanyen mai ake samunsa, don haka man gas da kananzir suna narkar da shi. Man jirgi dangin kananzir ne, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa a manyan filaye za ka ga titin gudu na kwalta ne amma inda jirage ke tsayawa a sha mai a yi lodi na kankare ne. Ɗaya dalilin shi ne kwalta ba ta son nauyi mai tsayawa wuri ɗaya cikin rana. Duk wanda ya san filin jirgi da gaske, da ya ga bakin sito inda tireloli ke kwana suna ɗigar da gas, zai ce a zuba kankare a nan. Na faɗa tun farko. Manajan ya ce wa Yaya, "Alhaji, tamu ba ta jin mai," Yaya kuma da ya duba kuɗin siminti da rodi sai ya bi maganarsa. Zuwa ƙarshen bazara ƙafafun bodin tirela sun lotsa wurin, inda gas ke ɗiga kuma ya yi laushi har ana kwakule shi da makulli. Yanzu katako muke sa wa a ƙarƙashin ƙafafun.

Wani abokin Yaya da ya zo kallo ya tambaya ko za a yi mata 'yan layukan nan da ya gani a titin jirgi ta tagar jirgi lokacin tafiya Umara. Waɗannan tsagi ne da ake yanka wa a kwance, faɗin milimita 6, zurfin milimita 6, tazarar milimita 38, don ruwa ya sami mafita a ƙarƙashin tayar jirgin da ke sauka da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Tirelar da ke shiga sito da giya ɗaya ba ta da abin yi da su.

Kada a ɗauka ko da an bi ƙa'idar duka kwalta ba ta tsufa. Titin filin jirgin Abuja ya daɗe da wuce shekarun da aka ƙiyasta masa kafin a rufe shi ranar 8 ga Maris 2017, aka yi mako shida ana aiki, jirage suka koma sauka a Kaduna. Mutanen Zariya ba su manta ba, don lokacin ne filin jirgin Abuja ya dawo mana nan kusa. Na Inugu ma an rufe shi a watan Agustan 2019, sai bayan shekara guda aka buɗe. Rana tana busar da bitumin ya yi tauri ya tsage, ruwa ya bi tsagar. Abin da ƙa'ida take saya maka shi ne shekaru, da sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Ta fuskar mu'amala ba su da laifi sosai. Sun zo ranar da suka ce, sun gama kusa da lokacin da suka ɗiba, leburorinsu ba su bar mana tarkace ba, sun kuma gyara bakin lambatun da rola ta fasa ba tare da an roƙe su ba. Waya ce dai bayan an biya kaso mafi tsoka sai ta riƙa yin ƙara ba a ɗauka, sai an bi ta hannun foman.

Mai gidan mai, ko makaranta, ko asibiti mai zaman kansa da ke son haraba mai kyau zai iya ba su aiki, musamman in wannan dattijon ne zai tsaya a kai. Amma a zauna a rubuta komai kafin a ba da ko sisi: kaurin kowace shimfiɗa bayan an danne ba kafin ba, bitumin mai lamba 60/70 wanda shi aka fi amfani da shi a ƙasar nan, takardar gwajin haɗi ta wannan aikin ba ta wani ba, kowace tifa da tamfol, ma'aunin zafi a wurin aiki, da hudawa a wuraren da mai aiki ya zaɓa, a kuɗin kamfani. Duk inda babbar mota za ta kwana a yi kankare. In manajan ya kawo maganar filin jirgi, a tambaye shi wane fili, wace shekara, wa ya duba aikin, sannan a cire ƙarin kuɗin daga lissafi.

Kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsu yana hannun Yaya har yanzu. Mun yi da su za a biya idan sun yanke kusurwar gabas da zarto, sun kwashe, sun zuba sabuwa da zafinta ina tsaye. Manajan ya so a yi faci da hannu a shafe da man liƙi, na ƙi. Ya ce to sai sun sami wani aiki a kusa da za su haɗa lodin, tunda injin dafawa ba ya tashi saboda tifa ɗaya. Wannan gaskiya ne, don haka mun ba shi zuwa ƙarshen rani. Kankaren bakin sito kuwa wani magini daban muka yi ciniki da shi.